Ranar da Léon Ya Riƙe Hannun Ache

Ƙanena Léon ɗan moto ne, wato ɗan acaɓa, a nan Garwa. Ni na goye shi a ƙauyenmu can kan dutse wajen Mokolo. Yanzu kifi nake soyawa a bakin kasuwa, dab da inda 'yan moto ke tsayawa, shi ya sa abin ya faru a gaban idona.

A wajenmu, in namiji ya ga mace tana gangarowa daga dutse da kaya a kai, hannu yake miƙa mata. Wanda bai miƙa ba, sai a ce uwarsa ba ta koya masa komai ba. Da haka Léon ya taso, da haka ya shigo birni. Mata kuwa suna son hawa motonsa. Ba ya abin nan na samari, a taka birki da gangan don mace ta faɗo maka a baya. In mai zani ce, karkata moton yake har ta zauna ta gyara.

Shekaranjiya ya ɗauko Ache, matar Youssouf mai shagon atamfa, mutanen Kuseri ne. Da goyo a bayanta. Tana sauka, bakin zaninta ya maƙale, ta yi tangal-tangal. Léon ya cafke mata hannu, bai saki ba sai da ta tsaya da ƙafarta.

Ashe Oumar, ƙanen mijinta, yana wajen. Kafin in aje cokali ya zare makullin moton, ya ci kwalar Léon, yana faɗa da Larabcinsu yana haɗawa da Hausa, wai an kama matar aure a tsakar kasuwa. Mutane suka taru. Wasu na cewa a kai shi komisariya wajen 'yan sanda, wasu na cewa a fara ba shi kashi tukuna. Moton nan kuwa ba nasa ba ne. In mai shi ya ji an riƙe, aikin Léon ya ƙare. Na bar kifin na bi su har shagon Youssouf.

Youssouf ya saurari Oumar, ya saurari masu shaida, har da waɗanda ba su gani ba. Ache na gefe da ɗanta, ba wanda ya tambaye ta. Da aka zo kan Léon, ni dai addu'a nake a zuci kada ya yi gardama.

Léon ya ce, “Alhaji, hannunta na riƙe. Ka ba ni izini ita zan ba haƙuri, ita ce kuma za ta faɗi abin da na yi.”

Oumar ya matso kamar zai kai masa mari. Youssouf ya daɗe yana kallon Léon, sannan ya gyaɗa kai.

Léon ya durƙusa daga nesa, ido a ƙasa. Ya ce mata a wajenmu girmamawa ce, bai san a wajensu laifi ba ne, ta yafe masa.

Ache ta yi magana a hankali. Ta ce gaskiya riƙon bai yi mata daɗi ba, kada ya sake. Amma da bai riƙe ba, kan yaron ne zai fara taɓa ƙasa. Sai ta juya wajen ƙanen mijinta.

“Kai kuma da kake tsaye a wajen, ɗan yayanka na shirin faɗuwa, me ka kama? Makulli.”

Wani ya tuntsire da dariya a baya. Youssouf bai yi ba. Ya miƙa hannu kawai, Oumar ya zuba masa makullin, shi kuma ya tura wa Léon.

Yau da safe Youssouf ya aiko, wai Léon ya kai mahaifiyar shi Youssouf ɗin gaisuwar rasuwa a ƙetaren gada. Har yanzu murna ta hana ni zama. Da Léon ya dawo yake ba ni labari, tsohuwar ta yi ta masa faɗa a hanya, wai jaki ma ya fi shi sauri. Da suka isa, ya ƙanƙame kan moton da hannu biyu, ko motsi bai yi ba.

Ta harare shi. “Kai jikana, haka ake yi a garinku? Tsohuwa na sauka kana kallo? Kawo hannun nan.”