Yaɓen Almu

Almu mutumin Gwarzo ne, a masana'antar motoci ta Dagenham da ke Landan ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Na san shi tun yana haya a ɗaki ɗaya, kafin ya samu gida a wani layi bayan Old Kent Road. Gidajen manne suke da juna, jan bulo, ƙofa da taga duk iri ɗaya, an ce tun zamanin Sarauniya Victoria suke tsaye.

Mutum ne marar hayaniya, amma bulon nan ya tsaya masa a rai. A wurinmu, gidan da aka bar bangonsa tsirara ba a gama shi ba ke nan. Kullum ya dawo aiki sai ya ɗaga kai ya ce, "Turawa da ƙyuya. Shekara da shekaru an kasa yin yaɓe."

Lokacin da arzikin fetur ya buɗe a gida, kowa na rushe ginin ƙasa yana zuba siminti, sai labari ya zo cewa surukinsa Alhaji Ɗalha, uban matarsa, ya yi booking na jirgi zai zo ganin likita, kuma a gidan zai sauka. Alhaji dama bai taɓa yarda Almu ya zama wani abu a Landan ba.

Almu ya sayo siminti da koren fenti. Matarsa Karimatu ta ce, "Baban Luba, ka bar wa mutane bangonsu."

Ya ce, "So kike Alhaji ya koma Kano ya ce a kango na ajiye ki?"

Ranar Asabar ya hau tsani, ni ina riƙe masa. Ya shafe rabin fuskar gidan ke nan sai tsohuwar Baturiyar da ke maƙwabtaka da shi, wadda muke kira Goggo, ta fito ta ɗora hannu a ka. Kafin wani lokaci layin ya cika. Ashe council, wato ƙaramar hukuma, na son rushe gidajen ta gina benayen flat, su kuma mazauna layin suna ta gwagwarmayar hanawa, hujjarsu kuwa ita ce layin yana nan yadda aka gina shi, ba wanda ya taɓa.

Almu ya sauko daga tsani. Ya ce mini, "Malam, wai tsufan ne abin ado."

Ba su yi masa faɗa ba. Washegari suka fito da guduma da burushin ƙarfe, maza da mata, aka shiga kankarar simintin. Goggo na raba shayi. Ana cikin haka tasi ta tsaya, Alhaji Ɗalha ya fito da babbar riga. Almu na bisa tsani, ƙura har gira, ya rasa inda zai sa kansa.

Alhaji ya daɗe yana kallon Turawan nan suna gumi a bangon surukinsa. Can ya juyo gare ni ya yi ƙasa da murya.

"Gayya suke yi masa?"

Na ce, "Gayya ce, Alhaji."

Ya gyaɗa kai. Da ya koma Kano, duk wanda ya zo yi masa barka da dawowa sai ya ji cewa mijin Karimatu ne mai unguwar layinsu a Landan.

Layin bai faɗi ba. Almu ya tsufa a ciki, shi ke nuna wa baƙi bulon yana yabon maginan da. Saman tagarsa kuwa har yau akwai ɗan siminti da ya ƙi fita.