Cindo Mai Shuwaka

A Gagarawa Tasha, in ka tambayi gidan Malam Cindo ba a yi maka dogon kwatance. Za a ce ka bi layin masallaci, inda ka hango kore ya leƙo ta saman katanga ko da tsakiyar rani ne, to ka iso.

Cindo ɗan makiyaya ne, a bayan shanu ya tashi. Da ya girma sai ya koma rakiyar dabbobi a tirela, daga kasuwar Maigatari zuwa Kudu, yana zaune a sama yana lura kada wani sa ya kwanta 'yan'uwansa su tattake shi. A can ya saba da miyar shuwaka, har ta kai in bai sha ba sai ya ji kamar bai ci abinci ba. Da gwiwa ta fara ƙin hawa mota, a tafiyarsa ta ƙarshe ya roƙi matar da yake cin abinci a wurinta ta sara masa rassan shuwaka. Ya naɗo su a jiƙaƙƙen buhu.

Matarsa Jannatu ta kwance buhun tana murnar tsaraba, sai ta yi turus. "Malam, itacen girki ka ɗauko mana tun daga Kudu?"

"Miya ce," in ji shi. "Lokaci kawai za ki ba ta."

Waɗanda ya kafa a gona, yashi da rana suka cinye su. Ragowar ya dasa a tsakar gida, gefen da ruwan alwala da na wanke-wanke ke gangarawa. Ya kafa su a karkace, idanunsu na kallon sama, ya zuba takin shanu, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Kafin damina ta yi nisa suka yi toho.

Ranar miyar farko ba a manta ta a gidan ba. Jannatu ta tsinko ganye ta zuba a tukunya yadda take yi wa zogale. Cindo ya kai loma, idonsa ya kawo ruwa don ɗaci, ya haɗiye da ƙyar.

"Haka take a Kudun?" Jannatu ta tambaya tana ƙunshe dariya.

Sai a lokacin ya tuna shekara da shekaru yana shan miyar, bai taɓa leƙa yadda ake haɗa ta ba. Maƙwabciyarsu Iya Kyauta, wadda ta koyi girkin shuwaka lokacin da ta yi zaman aure a Gumel, ita ta fitar da su. Ta nuna wa Jannatu yadda ake murza ganyen a wanke, a sake murzawa, har kumfa ta tafi, ɗacin ya rage kaɗan mai daɗi.

Da sannu Cindo ya gane halin shukarsa. In ka datse kanta, sai ta yi rassa, ganye ya yawaita. In rani ya matsa ta zubar da wasu, amma saiwar na nan, ruwan farko na sauka ta farfaɗo. Wata shekara ya bar guda ba datsa, don ya ga iyakarta. Ta wuce tsayinsa, ta fitar da fure fari-fari, tuli-tuli, mai ƙamshi. Ya tsinko ɗaya ya duba da kyau, ashe abin da ya ɗauka fure guda taron ƙanana ne cunkushe a ɗan ƙoƙo. Ya kira Jannatu ta gani kamar wanda ya tsinci zinariya. Ƙudan zuma ma suka gano wurin, har sai da ya rataya musu amya a kan darbejiyar bayan gida.

Yanzu duk gidan da aka haihu a unguwar, sai an aiko neman ganye don mai jego. Wanda ya nemi dashe kuwa, Cindo ba ya sallamarsa sai ya tsuguna ya nuna masa yadda ake kafawa.

Bara da aka kai 'yarsa Zakiyya ɗakin miji a Sule Tankarkar, ya ƙi yarda motar kaya ta tashi sai da aka cusa damin rassa tsakanin gado da kwanuka. Mata suka yi ta guɗa suna tsokanarsa. Da kaka Zakiyya ta bugo waya, ta ce surukarta ta hana kowa taɓa shukar, ita da kanta take ba ta ruwa.