Ƙayar Kifi a Wuyan Maigidana

Maigidana mutumin Guri ne, a bakin ruwa ya girma, amma da wuya in yi miyar kifi bai ce ƙaya ta maƙale masa ba. Sai in dunƙula masa lomar tuwo ya haɗiye ba tare da taunawa ba, yadda ake yi a gidansu. Ya haɗiye, ya ɗora yatsa a wuyansa, ya ce, "Tana nan fa, daidai nan."

Wata rana mitar ta ishe ni, na tasa shi gaba har asibiti a Haɗejiya. Likita ya haska maƙogwaron, ya ce ƙayar ta daɗe da wucewa, ƙwarzane kawai ta bari, jijiyoyin wurin ne ke ta kai ƙara kamar tana nan. Na yi ta yi masa tsiya a hanya. Ya ce ai wuyansa ne, ba na likita ba.

Tun da ya rasu, duk ranar da na ɗora miyar kifi sai in ji abu ya tokare mini, daidai inda yake nunawa. Na haɗiyi tuwo har na gaji. Tana nan.