Malamin da ya tare ƙofar aji

Ranar Talata, sha huɗu ga wannan wata, da hantsi, Allah ya karɓi ranka a gadon asibiti, Malam, bayan kwana tara kana jinyar saran da aka yi maka a ka. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinsa muka nufa.

Ni ba ɗalibarka ba ce, uwar ɗalibinka ce, kuma sai da furfura ta fara fito mini na koyi karatu. Tun da na iya, nake leƙa littattafan autana idan ya fita. Wata rana na ci karo da tambayar da ka ba su: yaushe ya halatta jama'a su bijire wa mai mulki? Washegari na hau benen jami'a har ofishinka, na ce, "Malam, kimiyyar siyasa na turo shi ya koya, ko tawaye?"

Ka kwashe takardu daga kan kujera ka ba ni wuri, kana dariya. Ka ce, "Mama, gara ya yi gardamar a gabana. Ni ko ya kayar da ni, ba zan fasa masa kai ba."

Ranar zaɓen ƙungiyar ɗalibai, ɓangaren ɗana ya faɗi. Suka ce an yi maguɗi. Suka karya kujeru, suka ɗauki ƙarafa da galan na fetur, suka bi masu ƙirga ƙuri'a. Biyar suka ɓuya a ajinka, ɗaya hannunsa a karye, jininsa a kan matakala. Ka tare ƙofar da jikinka, ka fara kiran sunayen masu ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kake yi kafin darasi. Ɗana ya ce da ka zo kansa, cewa ka yi, "Sarkin gardama, ajiye ƙarfen nan, ina jiran aikinka ranar Litinin." Ya ajiye. Da yawa suka ajiye. Amma a cikinsu akwai 'yan daba da aka ɗauko daga waje, waɗanda ba ka san sunayensu ba. Ɗayansu ya ɗaga adda.

Ɗana ya dawo gida rigarsa sharkaf da jininka. Na wanke ta ina kuka, ina tuna cewa saura ƙiris in zama uwar mai kisa.

Yanzu kwamitin bincike yana neman shaida, kuma ɗana ya san wanda ya ɗauko 'yan dabar, abokinsa ne. Sau biyu an farfasa mana taga da duwatsu. Na durƙusa na roƙe shi ya gudu wurin kawunsa. Ya ɗago ni ya ce, "Umma, tashi don Allah. Malamin nan ya san sunana." Gobe zai je gaban kwamitin. Tsoro bai sake ni ba, amma na daina roƙonsa.

Allah ya jiƙan ka, Malam, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ga matarka da 'ya'yanka da mahaifiyarka, ina miƙa ta'aziyyata cikin jin kunya. Allah ya ba ku haƙuri, ya kuma dawo mini da ɗana gobe lafiya.