Malam Haladu mai gyaran tankin jirgi ya tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni wai Malam Haladu mai walda, maƙwabcina a Yalwawa, ya rasu. Tankin mai ne ya fashe da shi jiya da yamma.

Masu jiragen ruwa na inji da ke wajen Taura sun san shi. Shi ke liƙe musu tankin fetur, ya gyara murafen rumbun da suke zuba kaya a cikin jirgi, ya goge, ya shafa fenti.

Ƙofar gidanmu da ta ɓalle, ban ma roƙe shi ba, dawowa na yi na tarar ya ɗaura ta.

Ranar Laraba na same shi yana liƙa roba a bakin wani murfi, yana rufewa yana buɗewa. Na ce, "Malam, ai ya yi haka." Ya yi dariya ya ce, "Murfin da bai zauna daram ba, ruwa ka buɗe wa ƙofa."

Bai taɓa sa wa tanki wuta ba sai ya cika shi da ruwa, kowa ya sani. Jiya wani Alhaji mai jirage ya zo da tankinsa a gaggauce, kogi ya kawo, fasinja na jira. Ya rantse da Allah an wanke tankin tas. Malam ya ji nauyin ya zuba ruwa a gabansa, kada ya zama ya ƙaryata dattijon da ya rantse. Waɗanda ke wurin sun ce da ya kunna wutar, shi mai rantsuwar can tsallaken titi ya koma ya tsaya.

Wanda ya yarda da wankinsa, me ya kai shi tsallaken titi?

Ɗazu na gan shi a sahun gaba wajen jana'iza, ya sha babbar riga, yana ta faɗin "kwana ne ya ƙare". Mun sani, Alhaji, ba kai za ka koya mana ƙaddara ba. Wallahi ka ba ni ƙyama. Da ya miƙo hannu ban karɓa ba, kuma ban yi nadama ba.

Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya sa wutar jiya ita ce ta ƙarshe da zai gani, ya raya marayun da ya bari. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.