Kajin da Avram Ya Riƙe wa Desanka

A shekarar 1979 na fara sanin Avram Jurca, cikin watan Oktoba, lokacin da na gama karatu a ƙasarsu aka tura ni aikin magudanan ruwa a ƙauyukan bakin kogin Timish. An ba ni masauki a gidan da ke kallon nasa. Shi a lokacin ma'aikacin layin dogo ne, dogon mutum mai ɗan ranƙwafawa, wanda ba ya doguwar magana sai an ɗauko zancen kaji.

Ranar da na sauka, da la'asar, na leƙa ta kan shingensa. Kajinsa irin na ƙasar Banat ne, wato yankin da muke ciki, masu tsiraicin wuya, wuyan ja zur kamar an fige. Yawancinsu baƙaƙe ne wuluk. Amma a gefe guda, cikin wani keji mai rufin waya, akwai biyar masu launin toka, tokar itacen da ta kwana ta huce, daga kai har wutsiya babu ɗigon wani launi. Sun jeru a jikin waya, sun ba gidan baya, suna kallon kangon da ke maƙwabtaka.

"Kawu, waɗannan na sayarwa ne?" na tambaye shi.

"Ba nawa ba ne, Injiniya."

Matarsa Persida tana shanya a tsakar gida, ta amsa ba ta ko juyo ba. "Su ne masu gidan, ɗana, mu 'yan haya ne. Tunda na shigo gidan nan ban taɓa ɗanɗana romon ko ɗaya ba. Su ci masara, su tsufa, su mutu, ya tona rami ya binne. Ni in na mutu ban san ko zan samu wannan gatan ba."

"Ke ai ba kya ƙwai," in ji Avram.

"Kai kuma carar ma ka daina."

Labarin bai zo mini a zama ɗaya ba. Guntu-guntu na tsince shi cikin shekaru, wani a bakinsa, wani a bakin Persida.

A ƙauyen ba a sayar da ƙwan kwanci, kuma ba a godiya a kansa, don sun ce godiya tana sa ƙwai ya yi bara-gurbi. In maƙwabci ya ba ka, da kaka sai ka mayar masa da sagara ɗaya mai launin uwar da ta yi ƙwan. A nan maganar take ƙarewa.

Kangon nan gidan wasu Sabiyawa ne a da, ƙabilar da ke da dangi a tsallaken iyaka, Milutin da matarsa Desanka da 'yarsu ƙarama, Smilya. Desanka ce kaɗai mai kaza launin toka a duk yankin, daga gidan iyayenta ta zo da irin. A bazarar 1950, Avram yana saurayi, ya roƙe ta ƙwai, ta ƙirga masa a cikin hularsa. Ya sa wa kazar uwarsa, ta ƙyanƙyashe, duka 'yan tsakin suka fito baƙaƙe, domin zakaran da ke bin kazar Desanka baƙi ne. Da kaka ya zaɓi wadda ta fi kyau ya kai mata.

Ya ce dariya ta yi har ta dafa ƙofa, 'yarta na riƙe da siket ɗinta. "Avram, toka na ba ka, ka kawo mini hankaka? Koma da abarka. Launin yana ciki, ɓuya ya yi. Haɗa su da junansu, ka jira baɗi."

Ya haɗa su, ya jira. Da bazara ta zagayo aka yi ƙyanƙyasa, sai ga uku masu launin toka a cikin baƙaƙen. Ya ɗauko ɗaya a tafin hannu ya nuna mata ta kan shinge. Ta ce ya bari ta yi gashi, ba ta karɓar bashi da jariri.

Ba ta kai ga yin gashin ba. Cikin watan Yuni aka wayi gari sojoji sun zagaye ƙauyen. Aka kwashe gidajen da gwamnatin wancan lokacin ba ta yarda da zamansu kusa da iyaka ba, aka zuba su a taragon shanu zuwa filin Baragan, inda babu komai sai ƙaya da iska. Gidan Milutin na ciki. Kajinsu suka kwana biyu suna yawo a tsakar gida, sannan maƙwabta suka raba. Uban Avram ne ya ɗauko kazar Desanka mai launin tokar. Ran Lahadi aka yanka ta.

"Na ci, Injiniya," ya ce da ni. "Yunwa ake yi, aka zuba mini a kan tuwon masara, na ci."

Desanka ta rasu a can a sanyi na biyu. Ƙauyen da suka gina a filin da hannunsu daga baya aka rushe shi, aka bi da garma ta kan maƙabartar. Da aka sako su, Milutin ya dawo da 'yarsa kaɗai, bai yarda ya sake kwana a tsohon gidan ba, ya zauna a ƙauyen da ke hayin kogi. Avram ya sa sagara mai launin toka a kwando ya bi shi can. Milutin bai buɗe ƙofa ba, ta kan katanga ya yi magana.

"Kun cinye uwar, yanzu ka kawo mini jika? Ba ni na ba ka ƙwai ba. Kai wa wadda ta ba ka."

Tun daga ranar, duk kaka Avram yakan ware sagara mai launin toka wadda ta fi kyau, ya sa ta a kejin nan, ya ce ta Desanka ce. Milutin ya mutu, Smilya ta yi aure, ta haihu, mijin ya rasu. Ita da Avram sukan haɗu a kasuwa, ta kau da kai, shi ma ya sunkuyar da nasa. Persida ta sha ce masa ya sake gwadawa. Sai ya ce ƙofar da aka rufe masa ba shi zai buɗe ba.

Ni kuwa a makarantar mishan da na yi a ƙasar Zazzau, wata malama ta koya mana labarin wani limamin coci da ya gano yadda ake gadon launi a waken lambunsa, ta zana mana akwati mai gida huɗu a allo. Wata ran Asabar na zana wa Avram shi a ƙasa da tsinke. Baƙi yana danne toka. Kaza tana iya zama baƙa wuluk alhali tana ɗauke da toka a jininta. In uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan za su fito toka. In ɗayansu ne kawai, ba za a ga komai ba, sai dai launin ya wuce cikin jikoki a ɓoye.

Ya daɗe yana kallon zanen. "To, shi limamin naku, ya faɗi yadda ake gane baƙar da ke ɗauke da ita?"

"Ba a ganewa da ido, Kawu. Sai an ƙyanƙyashe."

"Haka Desanka ma ta ce." Ya nuna gida na huɗu da bakin takalminsa. "A nan take zaune ke nan."

Akwai abin da akwatin bai bayyana mini ba. Baƙaƙen kajin da baki yake kiransu su taho a guje. Masu launin tokar ba sa ɗaga kai sai ya buga cokali a jikin kwanon tasa, bugu biyu a jere sannan ɗaya, yadda Desanka take yi. Ni mutum ne da aka koya wa neman dalili, na ce sabo ne, ƙanana suna koyo daga manya. Tsayuwarsu a jikin waya kuma Persida ta ce tuffar kangon ce da ke faɗowa suke kwaɗayi. Na yarda da ita har zuwa watan Janairu, da na gan su tsaye cikin ƙanƙara, bishiyar babu ko ganye, suna kallon inda ƙofar ɗakin girki take a da. Na zauna a ƙauyen, na yi aure, na haifi 'ya'ya, amma tsikar jikina ba ta daina tashi ba duk la'asar da na wuce ta wurin.

Cikin watan Afrilu na 2005 kogin ya fasa madatsa. Ruwa ya shigo da rana tsaka, kafin mutane su gama fitar da tsofaffi ya kai ƙirji. Kajin da ke sake suka tashi suka hau rufi. Masu launin tokar suna cikin kejin da Avram ya rufe da waya don kada shaho ya taɓa su. Da ruwa ya janye muka same su a manne da rufin wayar, su bakwai. Abin da ya tsira zakara ɗaya ne da kaji uku, duka baƙaƙe.

Ya binne bakwai ɗin da kansa cikin laka. Ya haura saba'in a lokacin, likita ya riga ya gaya masa zuciyarsa ta gaji.

"Injiniya, zana mini akwatin nan."

Na zana. Na gaya masa gaskiya: mai yiwuwa huɗun nan duk suna ɗauke da launin, mai yiwuwa kuma babu ko ɗaya.

A shekarar aka yi ƙyanƙyasa sau biyu, duka baƙaƙe. Shekara ta biyu ya rarraba akurki da katako, ya haɗa 'ya'yan da junansu, ya ɗaura wa kowace zare mai launi a ƙafa don kada ya rikice. Duk safiyar ƙyanƙyasa yakan durƙusa da ƙyar, ya cusa hannu ƙarƙashin uwar tana saransa, ya fito da su ɗaya bayan ɗaya. Baƙi, baƙi, baƙi. Sai ya mayar da su.

"Hankakin gidan nan sun fi na maƙabarta yawa," in ji Persida. "Tsoho, ka bari haka. Matar nan ta yafe, ƙasa ta riga ta cinye maganar."

"Ta gaya miki?"

Persida ta juya ta shige ɗaki. Daga baya na gan ta tana niƙa musu masara da kanta.

A shekara ta uku, ƙarshen watan Mayu, ya ƙwanƙwasa mini taga da sassafe. Ya buɗe hularsa. Ɗan tsako ɗaya ne a ciki, bai gama bushewa ba, launinsa kamar hayaƙi.

"Mace ce ko namiji?" na ce.

"Yi mini shiru, kada ka ja mini baki."

Mace ce. A ɗakin girki ta girma, cikin kwali kusa da murhu. Ranar da aka fara sakinta a tsakar gida ya kira ta da baki, ba ta kula ba. Babu wata babba da ta rage da za ta koya mata komai. Ya shiga ya ɗauko kwano da cokali, ya buga biyu, ya buga ɗaya. Ta taho. Ina tsaye a wurin, abin da na gani ke nan.

Cikin watan Oktoba na leƙa ban gan ta ba. Ya ce dila ne ya ɗauke ta. Ya faɗi haka yana gyaran sarƙar tsohon kekensa, bai ɗago ba. Na koma gida na zauna. Bai kai Kirsimeti ba ya rasu. Persida ta rabar da baƙaƙen kajin, ta koma wurin ɗansu a birni.

Da bazara aiki ya kai ni hayin kogi duba sabuwar madatsa. Ruwan ya cinye rabin wancan ƙauyen ma, an gina wa mutane sababbin gidaje a jere, iri ɗaya, tsakar gidajen babu ko ciyawa. Ina wucewa ta layin na ji cokali a jikin kwano, biyu, sannan ɗaya. Na tsaya cak.

Wata tsohuwa ce mai baƙin ɗankwali. A gabanta ga kaza launin toka mai tsiraicin wuya, da shuɗin zare a ƙafa, 'yan tsaki na bin ta. Na gaishe ta, na faɗi sunana.

"Na san ka, kai ne maƙwabcinsa," in ji ta. Smilya ce, 'yar Desanka. "Da kaka na fito da safe na tarar da kwando a cikin ƙofa. Na hango shi can kan madatsa yana tura keke, yana tafiya yana hutawa. Ruwa bai bar mini ko hoton mamata ba. Da na ɗaga murfin sai da na zauna a ƙasa."

"Kin yi masa magana, Inna?"

"In ce me? Ba a godiya." Ta watsa tsaba. "Na je jana'izarsa, na tsaya daga baya."

Na dubi 'yan tsakin, na ƙirga su kamar yadda na saba. Tara ne, duka baƙaƙe. Na ce da alama zakaran maƙwabta baƙi ne, na fara neman tsinken da zan yi mata zane.

"Bar shi, Injiniya," ta ce. "Yana ciki. Zan haɗa su da junansu, in jira baɗi."