Kilon da Aka Ƙara wa Yara

Tun tana budurwa Mai Awo take auna yara a ƙaramin asibitin unguwa, har furfura ta same ta a bakin aikin. Ma'auni rataye a ƙugiya, da wandon leda da ake zura yaro a ciki yana tsala ihu, su ne kayan aikinta. Ba ta da fara'a, amma ba a taɓa zuwa an tarar da kujerarta babu kowa ba.

Sai ma'aikatar lafiya ta kawo sabon tsari. Aka tara masu auna yara a otal, aka sha jawabi, aka raba wayoyi. Duk yaron da aka auna a shigar da nauyinsa, da waɗannan alƙaluman za a riƙa raba abincin masu tamowa.

Ashe wayar tana da nata halin. In yaro ya rame ƙwarai, sai ta ce wannan nauyi ba ya yiwuwa, ta ƙi karɓa.

"Ƙara masa kilo ɗaya ta karɓa, Yaya, kafin a gyara," in ji shugaban asibitin.

"Kilon baki? Da shi zai ƙoshi?"

"In rahoto bai tafi ba, ni za a kira."

Haka kowa ya dinga ƙarawa, gyara kuwa shiru. Da alƙaluma suka taru, ma'aikata ta ga unguwar ta warke sarai. Aka aiko da takardar yabo, aka daina aiko da abinci.

Ranar nan matar wani tela ta kawo 'yarta, ƙafafu kamar tsinke, ko kuka ba ta iyawa. Mai Awo ta buɗe kabad ɗin abincin tamowa, wayam. Ta ɗauki mayafi, ta tsayar da mai babur, sai babban siton ma'aikatar lafiya. Katan-katan na abincin ne jibge har rufi.

"Unguwarku ba ta cikin masu buƙata, Yaya," in ji mai sito.

"To waɗannan wa suke jira? Ɓeraye?"

Ta sunkuya ta ɗora katan ɗaya a ka.

"Haba Yaya, aikinki fa! Saura kaɗan ki yi ritaya."

"Rubuta sunana da kyau, kada a kori wani."

Ya bi ta har bakin ƙofa yana salati, bai dai riƙe ta ba. Kafin la'asar yarinyar tana tsotsar ledar abincin a cinyar uwarta. Takardar tuhuma ta zo ranar Litinin. A wannan dai ma'aikata ba ta yi jinkiri ba.